Likitan Sitiyari da Allurar Toka

Baban Auta bai taɓa zama likita ba, amma kada wanda ya kuskura ya faɗa masa. Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, kuma a ganinsa duk abin da likitoci suka sani ya biyo ta bayan kujerarsa ya shige masa kunne. Tun da ya ajiye aiki, ba a yin tari a gidan hayarsu bai leƙo ta taga ya faɗi sunan ciwon ba. A gabansa maƙwabta suna ce masa Dokta. In ya ba da baya, Likitan Sitiyari.

Matarsa, Maman Auta, ta san sunayen nan biyu, ta kuma san wanda ya fi dacewa da shi, amma ba ta son hayaniya. Damuwarta ma ta ishe ta. Irin matan nan ce da za su kulle ƙofa, su kai bakin titi, su dawo su sake taɓa kwaɗon.

Autarsu tana jami'a a wani gari. Ranar da za ta koma, ba ta ce a kula mata da kaya ko littattafai ba. Kyanwarta ta ɗauko, wata 'yar siririya da suke kira Toka saboda launinta, ta ɗora wa uwar a cinya.

"Mama, amana."

"Ke dai je ki yi karatunki. Kyanwa ce fa, ba jariri ba."

Sati uku da tafiyarta, daidai lokacin da ta fara jarrabawa, Toka ta daina cin abinci. Sai ta zo gaban kwano ta sunsuna, ta koma ƙarƙashin kujera ta lafe, yawu na zuba. Maman Auta ta gwada madara, ta gwada kifi, ta gwada roƙo. A rana ta uku ta sa ta a kwando ta ce asibitin dabbobi za ta. Baban Auta ya ce zai raka ta, don kada a yi musu kuskure.

Mota biyu suka hau, Toka na kuka tun daga ƙofar gida. Likitar dabbobin matashiya ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsu ba. Ta buɗe bakin kyanwar ta haska, ta saurari ƙirjinta, ta ɗebi jini ta shiga ciki. Da ta fito ba ta yi kwana-kwana ba.

"Mama, tana ɗauke da cutar sankarar jini ta kyanwoyi. Ba zan ɓoye miki ba, ba a warkewa daga ita."

Maman Auta ta zauna a kan abin da ta fara samu. Ashe sikelin auna karnuka ne.

"Amma ba ita ce ke neman kayar da ita yau ba," in ji likitar. "Cutar garkuwar jiki take karyawa, sai wasu ƙwayoyin cuta su samu hanya. Kin ga bakinta duk gyambo, ƙirjinta ma ya kama. Wannan kam muna da maganinsa. Allura ɗaya kullum, kwana bakwai, kada a tsallake ko ɗaya. In ta haye wannan, da kulawa za ta iya yin shekaru. Na yi mata ta yau. Sauran shidan, ko ku riƙa kawo ta, ko in koya wa wani ya yi a gida. Sannan a killace ta. Cutar ba ta kama mutane, amma tana kama kyanwoyi ta yawu. Ko kwano kada ta haɗa da wata."

"Abin da na faɗa ke nan tun a mota," in ji Baban Auta. A mota cewa ya yi ƙayar kifi ce ta maƙale mata.

"Baba, matso in nuna maka yadda ake yi," in ji likitar.

"Ki nuna wa wa? 'Yata, ranar da na fara ganin ana allura, wanda ya koya miki yana rarrafe. Mota na gudu, jiniya na kuka, ana allura a bayana. Zubo kayan a leda kawai."

Likitar ta juya. "Mama, ke fa?"

Maman Auta tuni ta mai da fuskarta bango. "Ni ko a hoto ba na iya kallon allura, 'yar nan."

Duk da haka likitar ta yi bayanin, yadda ake ɗaga fatar bayan wuya da yadda ake shigar da tsinin kaɗan kawai. Ƙeyar Baban Auta ta yi wa bayanin, don shi yana can gaban wani hoton karnuka da ke jikin bango yana cewa an sa wa ɗaya sunan da ba nasa ba.

Washegari da safe ya ce a fitar da komai daga falo. Ya tono tsohuwar farar rigarsa ta aiki, wadda maɓallan ciki suka daina haɗuwa tun kafin ya yi ritaya. Ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya jera sirinji da kwalbar magani da auduga, ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗaga su sama yana jira su bushe.

"A shigo da marar lafiya."

Marar lafiya ta leƙo, ta ga farar riga, ta shige bayan kabad. Kyanwar da kwana uku ba ta iya hawa kujera. Baban Auta ya ce wannan alama ce mai kyau. Ya sa kafaɗa ya tura kabad ɗin, ƙafar kabad ɗin ɗaya ta karye, ya karkace ya jingina da taga, faranti huɗu suka zubo. Toka ta fito ta ɗaya gefen a hankali ta kwanta a kan ƙafar Maman Auta.

"Kin gani? Dabara ce. Sai an rufe mata hanya. Riƙe ta."

Ta naɗe ta a tawul, ta rungume, ta runtse ido gam, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta ji ya kama fatar wuyan, ta ji yana numfashi kamar mai ɗaukar buhu.

"An gama! Ko motsi ba ta yi ba. Wannan shi ake kira hannu."

Ta buɗe ido. Tawul ɗin ya jiƙe a gefe ɗaya, gashin kafaɗar Toka ma ya jiƙe.

"Baban Auta, wannan ruwan fa?"

"Zufa ce. Zazzaɓin ne ke fita."

"Tun yanzu?"

"Ya danganta da wanda ya yi allurar."

Rana ta biyu zufar a hannun rigar Maman Auta ta fito. Ta sunsuna, ta ji ɗaci-ɗaci kamar warin kantin magani.

"Anya kuwa kyanwa na zufa haka? Ni dai ban taɓa gani ba."

"Kin taɓa ganin kyanwa mai sankarar jini ne kafin wannan?"

"A'a."

"To."

Ya fita shagon mai aski da ke bakin ƙofar gidan, da farar rigar a jikinsa. Kafin azahar duk wanda ya zo aski ya ji cewa likitar dabbobi ta ɗaga hannu ta ce aikin ya fi ƙarfinta, ta roƙi Dokta ya karɓa. Kafin la'asar labarin ya kai har da cewa ta yi kuka.

Toka kuwa ba ta ci komai ba. Maman Auta ta riƙa ɗiga mata ruwa da cokali, tana zaune a ƙasa tana ƙirga numfashinta, in ta ɓata ƙirgan ta sake daga farko. Da yamma waya ta yi ƙara. Auta ce. Sun riga sun yanke ba za a faɗa mata ba sai ta gama jarrabawa.

"Mama, ya Toka?"

"Lafiyarta ƙalau. Ya jarrabawar?"

"Saura uku. Mama, sa min ita in ji muryarta."

Maman Auta ta kalli Toka, wadda ko kai ba ta iya ɗagawa. Baban Auta ya yi mata alama da hannu ta kwantar da hankalinta, ya karɓi wayar, ya yi gyaran murya, ya tsuke baki ya saki wani irin kuka da ya sa tela maƙwabciyarsu ta tsayar da kekenta a ɗakin da ke kusa.



"Mama? Me ya sa muryarta ta yi kauri haka?"

"Girma... girma take yi," in ji Maman Auta. Da ta kashe wayar ta shiga kicin ta yi kukanta a tsaye.

Rana ta uku zufa ta sake fita, wannan karon har a jikin labule. Baban Auta ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ana duba kyanwoyi a nan, ya rataya a ƙofarsu.

"Baban Auta, don girman Allah cire wannan. Likita ta ce kada ta haɗu da wata kyanwa."

"Wannan doka ce ta gidan da babu ƙwararre."

"Ba ta ci ba fa, yau kwana shida. Ka ji yadda take numfashi? Mu mai da ita mana."

"Ki ɗauki marar lafiya daga hannuna ana tsakiyar magani? Me mutane za su ce? Matsalar hasken ɗakin nan ce, maganin ba ya son duhu. Gobe a tsakar gida zan yi, kowa ya zo ya koya. Ilimi ba na mutum ɗaya ba ne."

Ta so ta ce a'a. Shekara talatin tana son ta ce a'a, kullum sai ta tsaya tunanin yadda za ta faɗa har lokacin ya wuce.

Da hantsi aka fito da tebur tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da bahon wanki da aka jiƙa kaya a ciki. Mai aski ya rufe shago ya zo da kujerarsa. Tela ta fito da awon ɗinki a wuya. Matan sama suka jingina da ƙarfen baranda. Daga ƙarshe Malama ta iso, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, rungume da ƙaton muzurunta mai suna Hedimasta, wanda duk karnukan layin ke canza hanya in sun hango shi.

"Malama, don Allah tsaya can nesa da shi," in ji Maman Auta. "Ciwon yana kama su."

"Dokta ne ya ce in kawo shi a duba masa ido."

"Bayan tiyata," in ji Baban Auta. "A bi layi."

Ya ɗaga sirinjin sama ya ɗanɗana masa yatsa sau uku, yadda ya sha gani ta madubin mota.

"Jama'a, allura sirri ce. Wasu sai sun yi shekara bakwai a makaranta. Wasu kuma Allah ne ke ba su."

"Wasu kuma lasin tuƙi," in ji mai aski ƙasa-ƙasa.

"Ka ce me?"

"Na ce Allah ya ƙara basira, Dokta."

Maman Auta ta rungume Toka a tawul, ta rufe ido. Ya tattaro fatar wuyan da yatsu biyu, ya ɗaga ta sama, ya soka da ƙarfinsa har ƙarshen allurar, ya danna.

Wani siririn ruwa ya tashi daga ɗaya gefen wuyan, ya yi baka a iska, ya sauka a gilashin idon Malama.

"An gama!" in ji Baban Auta.

"An gama da wa?" in ji Malama, tana cire gilashin. "Ni aka yi wa?"

Tela ta matso, ta sunkuya, ta kalli wuyan kyanwar da idon wadda ta yi shekara ashirin tana bin bakin zare.

"Dokta, tsaya, kada ka zare. Maman Auta, buɗe idonki ki gani. Wallahi sai kin buɗe."

Ta buɗe ɗaya. Ga allura ta shiga ta dama, ga tsininta ya leƙo ta hagu yana sheƙi, da ɗigon magani a bakinsa.

"Ta shiga ta fita," in ji tela. "Wannan ai ɗinki ne. Da ka sa zare da yanzu ka yi mata wuyan riga."

Baranda ta kwashe da dariya. Maman Auta ba ta yi ba. Ta kalli hannun rigarta, ta tuna tawul, ta tuna labule.

"Zufa," ta ce a hankali. "Kwana uku kana yi wa labulena allura, Baban Auta?"

"Ba ku gane ba ne. Wannan gwaji ne, ana fara buɗe hanya tukuna. Yanzu za a yi ta gaske." Ya zare, ya zuƙi wani maganin. "In mafita ce damuwarku, sai a toshe ta. Abu mai sauƙi."

Ya sake tattaro fatar. Wannan karon ya sa babban yatsansa na hagu a bayanta ya tokare sosai, don kada komai ya wuce. Ya soka. Ya danna.

Babu abin da ya wuce. Duk maganin ya shige yatsan.

Ihun da ya yi ya fi jiniyar motarsa. Ya yi tsalle baya da sirinji a tsaye a yatsa, ya yi karo da Malama. Hedimasta, wanda dama tun ɗazu yake kallon farar rigar da ido ɗaya, ya kufce ya hau ta kamar bishiya, ya kafa haƙora a hannun dama, ya taka kan Dokta ya haye katanga. Baban Auta ya kama igiyar shanya, igiyar ta biyo shi da zannuwan mutane, ya zauna daɓas a cikin bahon wanki.

"A kira mota!" ya ce. "A kira motar asibiti!"

"Direban yana cikin baho," in ji mai aski.

Nan Baban Auta ya ɗaga hannu ya ga jini na bin gwiwarsa. Idonsa ya juye, kansa ya langaɓe a bakin bahon.

"Suma ya yi?" in ji wata daga baranda. "Mutumin da ya yi shekara goma sha tara da marasa lafiya?"

"Gaba yake kallo," in ji tela. "Jinin yana baya."

Maman Auta ta tsaya da kyanwa a hannu, ga miji a ruwan sabulu. Ta ga ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka lafiya lau. Ta saurari na Toka, ta ji yana ƙugi kamar tsohuwar ƙofa.

"Mai aski, ka yayyafa masa ruwa, ga shi nan a kusa da shi. In ya farfaɗo ku kai shi a duba cizon." Ta ɗauki kwando da mayafinta. Ranar ko kwaɗon ƙofa ba ta tsaya nema ba.

Likitar dabbobi ta saurari labarin har ƙarshe ba ta yi dariya ba, sai dai ta daɗe tana kallon silin. Ta aske gashin wuyan Toka, ta duba, ta yi mata ƙarin ruwa, ta yi mata allurar da hannunta.

"An yi asarar kwana huɗu, Mama. Ban yi miki alkawari ba, amma ba a makara gaba ɗaya ba. Za mu fara daga farko. Ki ce wa mai muzurun ma ta kawo shi a gwada shi. Gobe za ki iya zuwa?"

"Motar tana wahalar da ita. Kuka take yi har mu iso." Maman Auta ta matso kusa. "Nuna min."

"Kin ce ba kya iya kallo."

"Ba na iyawa. Nuna min."

A kan lemo ta koya, sau goma sha ɗaya, tana soka tana ba lemon haƙuri. Washegari ta kulle kanta a ɗaki ita da Toka. Ta ɗaga fatar, ta kwantar da allurar, ta shigar da tsinin kaɗan, ta danna. Ta shafa gashin. A bushe yake. Ta shafa tawul, ta shafa rigarta, ta tashi ta je ta shafa labule.

A rana ta uku Toka ta lashi romon kifi cokali biyu. A ta biyar ta cinye kifin, ta kuma ture kwanon don a ƙaro.

Baban Auta kuwa hannun da Hedimasta ya ciza ya kumbura kamar burodi. Aka rubuta masa allura kwana biyar a tsohon wurin aikinsa, inda kowace nas ta san shi. Kullum sai mutum biyu sun riƙe shi. In ya dawo ya zauna a shagon mai aski da bandeji a hannu biyu, yana bayyana wa masu jiran layi cewa duk likitan kirki sai ya fara gwada magani a jikinsa. Kwalin ƙofar dai tela ta karɓa ta yanka samfurin hannun riga da shi.

Ranar da Auta ta dawo, ko jakarta ba ta sauke ba ta fara kira. Toka ta fito daga ƙarƙashin kujera, ta rame, wuyanta a aske, amma da ƙafarta ta tako har gabanta ta goga kai a ƙafarta. Maman Auta ta zaunar da 'yar ta faɗa mata sunan ciwon da duk abin da likita ta ce, yadda ba za ta ƙara fita waje ba, da kwanonta daban. Auta ta yi kuka, ta share, ta rungume uwar har sai da uwar ta ce za ta karya ta.

"Wa ya yi mata allurar?"

"Aikin haɗin gwiwa ne," in ji Baban Auta daga kan kujera, yana gyara bandeji. "Ni na buɗe hanya."

Auta ta ɗaga kyanwar zuwa hasken taga tana shafa inda aka aske. Ta tsaya. Ta ƙara matsowa.

"Mama, waɗannan tabon fa? Wasu ɗaya-ɗaya, wasu kuma biyu-biyu, suna kallon juna."

"Ɗaya-ɗayan nawa ne," in ji Maman Auta, tana zuba wa Toka kifi a kwano. "Biyu-biyun, ga mai su nan zaune. Tambaye shi a hankali, hannunsa na ciwo."